Layin da Lurwanu Ya Miƙar

Duk wanda ya biyo gudron Madawa, wato titin kwalta, ya tsaya kusa da tasha, in ya tambayi mai gyaran salula za a nuna masa shagon Lurwanu. In ya tambayi mai jirgin sama, shagon nan ɗin za a sake nuna masa, sai dai wannan karon da dariya. Ni ce maƙwabciyarsa, Hindatu mai ɗinki, bango ɗaya ya raba kekena da teburinsa. Kuma taubashina ne, babana da uwarsa ciki ɗaya suka fito. Saboda haka bawana ne tun kafin a haife ni, in kun ji na zage shi a labarin nan kada kowa ya sa baki, hakkina nake ci.

A wani ƙauye gabas da Keita muka tashi, gida ɗaya, don shi ɗan fari ne, ana yaye shi aka kawo wa kakarmu. Uwarsa, Gwaggo Mairamu, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wancan take ce masa. In ta dafa abu mai daɗi sai ta miƙo mani kwano ta kau da kai ta ce, "Kai ma wancan." Ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta kallonsa cikin ido, in ya shigo ɗaki ita ta fita neman abin da bai ɓace ba. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka taras ana yi, shi ma bai taɓa ɗaukar abin da zafi ba.

Tun yana yaro abu ɗaya ke cin ransa, yana son ya san abin da shirwa ke gani. Mu muna korar ta daga kan 'yan tsaki, shi yana tsaye baki sake yana kallon yadda take shawagi. Ya hau rumbun kakanmu har ya ɓarke hular, ya sha duka, washegari ya hau gawo. Ran da mushe, wato malaminsu, ya rataya taswirar Nijar a lakwal, makarantar boko ke nan, shi kaɗai ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, wa ya hau sama ya gano haka take?" Bai yi nisa da karatu ba. Gemu na fara tsiro masa ya bi sauran samari cirani, ya daɗe a Aljeriya wurin wani mai gyaran salula, can ya koyi sana'a. Da lokacin dawowa ya yi, tsararrakinsa na shigowa gari da moto, wato babur, da shadda, bawan nawa sai ga shi rungume da tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, a cikin bargo kamar jinjiri.

Abin da ke cikinta wasan tuƙin jirgin sama ne, amma kada ka ce wasa a gabansa, yanzun nan zai ɗaure fuska. Mutum zai zauna gaban allo ya riƙe wata sanda mai maɓallai, ya ga kansa a kujerar matuƙi, ya tashi daga filin jirgi ya nufi duk inda ransa ke so a duniya. Ran da ya fara nuna mani, ya tashi daga Tawa ya ce zai kai ni gida. Na jawo kujera. Muka yi ta tafiya a kan wani abu ruwan ƙasa, ba tudu ba kwari, kamar an zubar da kunu a tabarma. Can ya ce, "Ga garinmu."

Na duba, na sake dubawa, na ce, "Ina?"

Ya sa yatsa a kan wani tabo. Na ce masa in nan ne garinmu to mun yi dabara da muka baro shi. Na yi dariya har da riƙe ciki, shi kuwa ko murmushi. Ya ce waɗanda suka ƙera abin sun ƙawata nasu garuruwan har da fitilun hanya, mu ba su san da zamanmu ba, amma sun bar ƙofa a buɗe, kowa na iya ɗora wa ƙasarsa abin da aka manta.

Daga nan ya faɗa cikin abin da yake kira ƙari, ni kuma nake kira kayan miya. Wasu mutane ne can a duniya masu irin ciwonsa ke haɗa su, su zuba a intanet, mai so ya ɗiba ya ɗora a kan nasa. Rezo, wato sabis ɗin waya, a layinmu sai ya ga dama yake zuwa, don haka Lurwanu kan hau moto ya tafi wajen ofisoshi, ya zauna gindin dogon yaro yana jiran abu ya sauka. Na farko da ya samo na tuddai ne. Yana ɗorawa ƙasar ta tashi, tuddan Adar masu shimfiɗaɗɗen kai suka fito, koramu suka nutse tsakaninsu. Ya buga mani bango, na bar rigar mutane da allura a jiki na zo. Gaskiya ran nan ban yi dariya ba. Na girma a gindin tudun bayan garinmu, na yi itace a kansa, amma ban taɓa sanin siffar takalmi gare shi ba, da dunduniya wajen arewa. Na kwana ina tunanin sauran abubuwan da nake takawa ban san kamanninsu ba.

Na itatuwa ne ya ba mu kunya. Muka bi ta kan Buza, sai ga ta tsamo-tsamo cikin wasu itatuwa masu tsini irin na ƙasar sanyi, gidaje da jan rufi, kowane da bututun hayaƙi. Na ce ashe mutanen Buza sun ƙaura Turai ba su yi mana sallama ba. Ya cire su duka, ya ce tunda ba wanda ya yi namu shi zai yi. Ya shiga yawo da salula yana ɗaukar hoton gawo da aduwa da bagaruwa, ya dawo ya yanke su ya dasa a cikin ordinata. Mutane suka fara cewa Lurwanu na gaida itace. Rumbu ya fi ba shi wuya. Na farkon da ya zana tulu ne sak, na biyu ƙwai, sai da ya je ya zauna wurin wani magini a Azarori ya ga yadda ake ɗora laka zagaye-zagaye sannan ya samo cikin. Ordinatar kuwa duk ƙarin da aka yi mata sai ta ƙara zafi tana huci, har ya ɗora ta a katako bisa bakin randa, ya yafa jiƙaƙƙen buhu a gefe. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke ya koma kan batiri.

Babban ƙari shi ne hotunan da tauraron ɗan Adam ke ɗauka daga sama, waɗanda ake shimfiɗawa a kan tuddan nan, ka ga ainihin gonaki da hanyoyi. Sai dai gutsure-gutsure suke zuwa, kuma ba rana ɗaya aka ɗauke su ba. Inda biyu suka haɗu sai ka ga hanya ta karye, rabi nan rabi can, kamar haɗin atamfa a hannun ɗan koyo. Wannan ne ya koyi gyarawa da hannu, ya jawo nan ya tura can har bakin ya haɗu. Ya ƙware, kuma ya san ya ƙware. Ya kai ga in ya ga layi ya karkace hannunsa ƙaiƙayi yake yi.

Ana cikin haka idon Gwaggo Mairamu ya fara. Da yanar ido ce da an cire ta an huta. Likitan ido ya ce wani ciwo ne mai cin gani daga gefe-gefe, abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage kuma da maganin ɗigawa safe da yamma ake riƙe shi, in aka bari shi ma ya bi. Ta dawo gidana da zama don ta yi kusa da likita. Tsakiya kawai take gani, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa, amma da ɗan wannan take saƙa faifanta, kuma ba ta taɓa tsallake magani ba.

Wata rana da hantsi ina ba ta labarin itatuwan Buza, sai ta ajiye kabar da ke hannunta ta ce, "Wai da gaske wancan na hawa sama?"

Na ce, "Gwaggo, gindinsa na kan benci, idonsa ne ke hawa."

Sannan ta shiga ba ni labarin da na sha ji a guntu-guntu. Tana amarya, bayan shekarun yunwa, furoje, wani shirin taimako, ya zo ƙasar Keita don a hana ruwa kwashe ƙasa. Maza duk sun tafi cirani, mata ne suka yi aikin. Suna ɗaukar dutse a ka, su jera shi layi-layi a gicciye bisa tudu, su haƙa ramuka masu siffar rabin wata, su dasa itace, a sallame su da abinci. Wata rana ƙaramin jirgi ya zo ya yi ta zagaya su, suka cire kallabi suna kaɗa masa. Shef, wato shugaban aikin, ya ce musu daga can sama layukan nan ana ganin su kamar rubutu a allo. Tun ran nan take son ta ga rubutun. Yanzu gwiwa ba ta hawan tudu, ido kuma ga inda ya kai.

Ta ce, "Ki ce ma wancan, in abin nan nashi na zuwa can, ina son in ga tudunmu tun idon na nan."

Da na kai saƙon, Lurwanu ya riƙe ƙaramin sukudireba a hannu ya manta me zai kwance. A iya sanina wannan ne karo na farko da ta roƙe shi wani abu. Masu salula suka yi ta zuwa suna komawa, wanda ya matsa a ce masa ya dawo jibi. Ya aro babbar tele wurin mai gidan kallon ƙwallo, ya haɗa ta da ordinata, ya zuba duk kayan miyar da yake taƙama da su. Damina ya yi mata, ciyawa shar, gajimare na tafiya, ruwa na ƙyalli a tabki. Ni kaina da na gani sai da na ji ƙamshin ƙasa.

Na riƙo hannun Gwaggo na kawo ta. Ta zauna ta ba shi gefe, ta matsa har hancinta na neman taɓa gilas. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo wajena ta ce, "Ki ce mishi ni ganye nika gani. Aikinmu da rani munka yi shi."

Na zaci zai ji haushi, ashe tambaya ce ta taso masa. Yana zaune nan, taku biyu da ita, amma ni yake tambaya, "Wane lokaci ne duwatsun suka fi fitowa?" Ni kuma in juya in maimaita mata kamar mai tafinta a kotu. Ta ce da la'asar sakaliya, in rana ta kwanta, kowane dutse ya samu inuwarsa. Ya ce to. Ya koma ya tuɓe duk kwalliyar da ya sha wuya a kanta, ciyawa da gajimare da ƙyallin ruwa. Ya nemo hotunan rani, ya zauna ya tsabtace su gutsure bayan gutsure, ya kwantar da rana wajen yamma.

Zuwa na biyu ba zan manta da shi ba. Jirgi na ƙetare korama sai ga tudu ja wur, a kansa kuma layuka, layi bayan layi, suna bin cikin tudun kamar sawun keken ɗinki, tsakaninsu ramukan rabin wata birjik da ɗigon itace a kowane. Na yi ta hawan wurin nan ina tuntuɓe da duwatsun, ban taɓa ɗauka wani tsari gare su ba. Gwaggo ta ɗora yatsa a gilas ta fara bi.

"Ga rijiya. Ga hanyar jakkai. Nan munka fara."

Ta shiga kiran sunayen matan da suka yi aiki tare, wadda ta fi kowa ɗaukar babban dutse, wadda ke ɓuya bayan geza ta yi barci, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Har dariya ta yi. Na saci kallon Lurwanu, bakinsa ya ƙi rufuwa. Can ta ce in ce masa ya nufi arewa, wajen dunduniya, layin da ya fi kowane bisa, kan babban kwazazzabo. Ya karkata sanda. Ta ɗora yatsa a farkon layin ta bi shi sannu-sannu har ƙarshe. Ta dawo ta sake. Ta ce a zagayo, aka zagayo. Ta goge idon da bakin mayafi ta sake bi. Daga nan ta sauke hannu a cinya ta ce, "Ki ce ya kashe."

Muka kamo hanya har muka kai ƙofar gida. Ta dafa bango ta ce, "Hindatu, idon ya ƙare. Abin da na san shina nan, na duba ban gane shi ba."

Na ce, "Mine ne, Gwaggo?"

Ta shige ɗaki.

Da yamma na kawo magani ta kau da fuska. Washegari ma haka. Ta tura faifan da take saƙa ƙarƙashin gado, ta ce in ba masu ido. Na lallashe ta, na yi faɗa, na ce ai jiya-jiyan nan ta nuna mani hanyar jakkai da yatsanta. Ta ce wannan da ka ta gani, don ta san wurin, amma abin da ta je nema idon bai kawo mata ba, to me ya rage da za a riƙe da ɗigo? Kuma likita ya riga ya faɗa mana abin da barin maganin ke jawowa. Lurwanu kan zo ya tsaya a bakin zaure yana murza makullin moto. Shi ba ya iya tambayarta, ita ba ta iya faɗa masa. Na girmama al'adarmu, amma a kwanakin nan kunyar nan ta ba ni haushi ƙwarai, na ji kamar in haɗa kawunansu in gwara.

Ran kasuwa na rufe shago na shiga mota zuwa ƙauye wurin innata Altine, don ita ma ta ɗauki dutse a tudun nan. Na taras da ita tana sussuka. Na ce, "Inna, mi ke ga layin bisa, wajen kwazazzabo?"

Ta tsaya da taɓarya a sama. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta ce, "Wa ya aike ki?"

Na gaya mata komai, har da maganin da aka daina. Ta jingina taɓarya ta zauna a kan turmin da ke kife.

Ta ce shekarar nan Gwaggo na da cikin fari. Bisa al'ada in ciki ya tsufa gidan iyaye ake mayar da yarinya ta haihu, ba ta aikin ƙarfi. Amma mijinta na cirani, rumbu ba komai, abincin furoje kuma sai wadda ta hau tudu ake ba. Sai ta ɗaure ciki da zane ta rage watanni, ta ci gaba da hawa. Wata la'asar suna jera layin bisa, naƙuda ta kama ta, kuma ba ta ba da lokaci ba. Matan suka kewaye ta da zannuwa. Innata ce ta yanke cibi da reza. Gari da nisa, ba a yawo da mabiyiya a fili, sai suka haƙa nan suka binne ta, daidai inda igiyar shef ta nuna layi zai bi. Suka sauko da ita da jinjiri a lulluɓe cikin masu tashi daga aiki, aka ce a ɗakin uwarta ta haihu, don in aka ji ɗiyar mutane ta yi haihuwar fari a daji abin faɗa ne har jikoki.

"Da safe munka koma," in ji innata. "Wa za ta aza dutse bisa cibin ɗan mutum? Munka ce ma shef akwai ramin maciji. Munka kewaye wurin, layi ya yi gwiwa ya koma hanyarshi. Mu da munka sani munka yi shiru, yau saura ni da ita."

Na dawo Madawa kaina na zafi. Ban ko shiga gida ba, na faɗa shagonsa na ce, "Kai bawa, mi ka taɓa a tudun nan?"

Ya ce bai taɓa komai ba, tsabtacewa kawai ya yi. Na ce ya tuna dai. Ya ce to akwai layi ɗaya can bisa da ya yi wata 'yar gwiwa, duk sauran sun tafi sumul shi kaɗai ya fita ya dawo, ya san haɗin hoto ne ya goce, ya miƙar da shi. Yana faɗa yana ɗan murmushin gwaninta. Na ce ya buɗo mani hoton yadda ya zo. Ya buɗo. Ga ta nan kuwa, 'yar lanƙwasa kamar gwiwar hannu, kuma ba wani haɗi kusa da ita.

Na ce, "Sarkin gyara, ka san abin da ka goge?"

Na zauna na faɗa masa yadda innata ta faɗa mani, ban rage ba. Na yi niyyar in ƙara masa da zagi, amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye. Ya jawo hoton ya ƙara masa girma har ya dushe ya zama dabbare-dabbare. Ya ce, "Nan?" Na ce nan. Ya ƙura wa wurin ido. Da bakinsa ya buɗe kuma, Lurwanu dai Lurwanu ne, tambayoyi suka zubo. Wane gefe ta fuskanta? Rana ta kai ina? Da dutse a kanta abin ya fara, ko ta sauke? Na ce ban sani ba, ba a haife ni ba, ya je ya tambayi tudun.

Ashe zai je. Washegari ya hau moto tun da safe, bai dawo ba sai bayan azahar, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Ya ce duwatsun sun nutse rabi a ƙasa amma suna nan, sun kewaye wani fili da bai fi tabarma ba. Ba komai a wurin sai tsakuwa da kashin awaki. Ya ce ya zauna a ciki, ya ɗaga kai, ya ga shirwa. Ya ce duk yawon da ya yi a kan tudun nan yana yaro, ya sha tsallake wurin da gudu. Daga nan ya cire hotonsa mai tsabta ya mayar da na asali, bai taɓa ko ɗigo ba.

Shawo kan Gwaggo ya fi komai wuya. Ta ce ba inda za ta, an gama. Na durƙusa gabanta na ce, "Gwaggo, wancan ya ce laifin nashi ne. Ya ga layi ya yi gwiwa ya zaci kuskure ne, ya miƙar. Idonki bai yi ƙarya ba, abin ne babu."

Ta juyo da fuskarta gaba ɗaya don ta same ni a ɗan tsakiyar nan. Ta ce, "Ke kin je gida." Na ce na je. Sannan ta ce in miƙo mata mayafi.

La'asar ce, rana ta kwanta a waje kamar yadda ta kwanta a tele. Wannan karon bai bi ta rijiya ba, ya nufi arewa kai tsaye. Ta ɗora yatsa a farkon layin bisa. Ta bi, ta bi, sai yatsan ya fita gefe, ya zagaya, ya dawo kan hanya. Ta mayar da shi baya ta sake zagayawa. Na ga kafaɗunta sun sauka. Jirgi kuwa ba ya tsayawa, kafin ta ƙoshi wurin ya zame ƙarƙashin fiffike ya wuce.

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba, ta ce, "Ki ce ma wancan ya yi sannu. Ran nan ma da gaugawa ya zo."

Ban maimaita ba, ya ji. Ya rage wuta, ya kwantar da fiffike, ya shiga zagaya wurin kamar shirwa, hannu ɗaya a sanda, ɗayan yana share fuska da wuyan riga. Wani mai salula ya leƙo, na kore shi. Gwaggo na manne da gilas, duk zagayowa sai yatsanta ya tarbi gwiwar. Da idon ya fara yi mata yaji ta ja baya, ta laluba gefen zanenta, ta ce mani, "Kin zo da maganin?"

Yana cikin jakata tun ran da ta daina. Ta ɗaga kai na ɗiga mata, ta ƙifta, ta koma kan gilas.